Sulusin Bindigar Baba

Daga Hadijatu 'yar Tambari, a Kalgo, zuwa ga yayana Malam Usman, a Gwandu. Tara ga watan da ke tsakanin salloli, shekara ta 1337.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta masu ɗaukar karatu a zaurenka. Mu nan lafiya, ruwa ya yi gyara. Maigidana Abdulgani yana gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun. Kai ka koya mini shi, in ya karkace laifin malamin ne.

Bayan haka, maganar ƙanenmu Albarka ce. Ka san tun da annobar marisuwa ta ɗauke masa matarsa Salamatu da 'ya'yansa biyu cikin kwana shida, a kakar bara, bai koma daidai ba. Har yanzu cewa yake shi ya ɗauko musu ciwon daga kasuwar Jega, shi ya tashi su suka tafi. Abin da ba ka sani ba shi ne, Asabar ɗin da ta wuce bayan azahar ya ajiye fartanya a gona ya nufi gulbi, ya shiga da rigarsa, shi da bai iya iyo ba. Allah ya sa wasu masunta, Sarkawa biyu, suna gyaran koma a gaɓa, suka tsamo shi. Mun gaya wa mutane santsi ne ya kwashe shi.

Da na ba shi kunu ya dawo hayyacinsa, sai ya kama hannuna ya ce, "Dije, wallahi tun ina cikin ruwa nit tuba. Gaɓa nika nema da hannuna biyu. Ban san mi as same ni ba. Abin shina zowa shi rufe ni, in ga babu komi gabana, kuma shi wuce."

Tun ranar nake sa masa ido, na kuwa gane lokacinsa. Tsakanin azahar da la'asar ne, sa'ar da ya saba dawowa daga gona 'yarsa Kulu ta taro shi da ruwa a ludayi tana zubar da rabi a hanya. Sai ka ga ya yi shiru, idonsa ya kafe wuri ɗaya. Abin bai wuce tsawon dahuwar shinkafa ba. In na zauna kusa da shi muna ɓarar gyaɗa, yakan sake shi, har ya tambaye ni ko akwai sauran tuwo.

To, ga abin da na yi. Bindigar Baba ta toka, wadda ta faɗo a rabonsa ranar da ka raba mana gado, na shiga ɗakinsa yana masallaci na sauke ta daga bango. Na naɗe ta a tabarma na cusa a rumbuna ƙarƙashin dawa. Na kuma gaya masa a fuska. Ban rubuto neman izini ba, Yaya. Na rubuto don ka sani, ka kuma sa shi a addu'a. Ina tsoro ƙwarai.

Hassan mai jakuna ne zai kawo maka wannan, tare da ɗan busasshen kifi. Haza wassalam.

*

Daga Albarka, a Kalgo, zuwa ga Yaya Malam, a Gwandu. Bayan Babbar Salla da kwana biyar.

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida, da barka da Salla. Malam Abu na masallacinmu shi ka rubuta min, ni ka san alƙalami bai zamna hannuna ba.

Yaya, na samu sauƙi, alhamdu lillahi. Ina salla cikin jam'i, ina cin abinci, na yi ƙiba ma. Abin da ad dame ni gaduna. Sau huɗu sunka shiga min gona, sunka tone dankali da gyaɗa, kusan rabi ya tafi. Ina tsaye da sanda kamar mai korar kaji, maƙwabta na dariya.

Dije ta ɗauke min bindiga. Na san don ƙauna ta yi, ban ƙullace ta ba. Amma kai kar raba, kai kas sa ta hannuna gaban shaidu. Yanzu mutane sun fara raɗa wai an karɓe ta don na taɓu. An yi min maganar wata bazawara, Huseina, mai hankali ta, danginta kuwa sun fara tambaya, in lafiya nike mi as sa yayata ta ɓoye min kayana. Ni dai bakina bai iya da Dije. Kai tana jin maganarka.

Allah shi ƙara ma daraja. Wassalam.

*

Da sunan Allah. Daga Usman ɗan Tambari, a Gwandu, zuwa ga ƙanwata Hadijatu, a Kalgo. Ashirin da biyu ga Zulhajji.

Aminci ya tabbata a gare ki da mijinki da zuriyarku. Takardarki ta iso, kifi ma ya iso, Allah ya saka. Na yi kuka da na karanta labarin gulbi, kuma tun ranar ban yi salla ba face na ambaci Albarka a cikinta.

Bayan haka, shi ma ya aiko mini, kuma maganarsa maganar mai hankali ce daga farko har ƙarshe. Ki sani, ya ke ƙanwata, bindigar nan mulkinsa ce. Ni na raba, shaidu uku suna zaune. Ba ya halatta a riƙe wa baligi mai hankali dukiyarsa ba da yardarsa ba, ko da niyyar mai riƙon ta yi kyau. Hanya biyu ce a gabanki, babu ta uku. Ko ki mayar masa, ko ki kai shi gaban alƙali da shaidu a tabbatar hankalinsa ya gushe, sannan a hana shi kayansa bisa shari'a. In kuwa kika yi ta biyun, kin san babu wanda zai ƙara ba shi aure daga Kalgo har Dangoma.

Sannan ki yi tunani. Wanda ya ƙudurci halaka kansa, Allah ya tsare, ai ba ya rasa hanya. Kin ɓoye bindiga, to gulbin fa, shi ma a rumbunki za ki sa shi? Ajali rubutacce ne, ƙarfe ba ya kawo shi, tabarma ba ta hana shi. Albarka ya tuba da bakinsa, yana salla a jam'i, yana neman aure. Mutumin da yake kukan an tone masa dankali yana da niyyar cin dankalin. Abin da zai warkar da shi aiki ne da mata da mutunci a idon jama'a, kuma su ukun duk kin tare su da tabarmarki.

Tun kina ƙarama kike da wannan hali na yanke hukunci kafin a gama karanta miki mas'ala. Ki mayar masa da kayansa. Wassalamu alaikum.

*

Daga Hadijatu zuwa ga Yaya Malam. Uku ga watan Cika-ciki.

Gaisuwa da girmamawa. Na karanta takardarka sau uku, ta ukun a tsaye.

Ba zan ja da kai a kan shari'a ba, ka fi ni saninta nesa ba kusa ba. Amma ka tambaye ni gulbi, bari in ba ka amsar gulbi. Gulbi ya ba Albarka lokacin da zai tuba. Sai da ya yi tafiya daga gona zuwa gaɓa, sai da ya shiga, sai da ruwa ya kai masa wuya, sai da Sarkawa suka hango shi. A cikin wannan tsawon ne zuciyarsa ta dawo. Bindiga kuwa tana rataye a saman shimfiɗarsa, miƙa hannu ne kawai.

Na je wurin Inno, tsohuwar nan da take wankan gawar mata tun zamanin kakarmu, na tambaye ta ban faɗi suna ba. Ta ce, "Ɗiyata, a rayuwata na san mutum huɗu da sunka faɗa ruwa ko rijiya da gangan. Uku an fiddo su, sun tsufa, guda har jikokinai nis sha wanka. Tun da bindigogi sunka yawaita garuruwan ga na san biyu da sunka juya ta kansu. Babu wanda anka samu ko kalmar shahada a bakinai." Wannan ba a littafi yake ba, Yaya, amma ita ta ga gawarwakin.

Ka ce maganarsa ta mai hankali ce. Ai mai hankali ne! Da safe ya fi ni hankali, da la'asar ma haka. Ɗan tsakanin nan nake tsoro, kai kuwa ba ka taɓa ganinsa ba. Takardarsa da hantsi aka rubuta ta.

Maganar gaduna na gama da ita. Bawa maharbi ya yarda zai riƙa zagaya gonar in an ba shi ɗan rabo a gyaɗa. Maganar Huseina kuma ni zan je wurin danginta da kaina in ce taurin kaina ne, kowa ya san ina da shi.

Ba zan kai ɗan uwana gaban alƙali a kira shi mahaukaci ba. Ba kuma zan ba da bindigar ba sai kakar nan ta wuce, don watan da suka rasu yana tafe. In zunubi ne a rubuta a kaina, na ɗauka. Abu ɗaya nake roƙo. Gwandu zuwa Kalgo kwana biyu ne a kan jaki. Ka zo ka zauna da shi azahar ɗaya tak, sannan ka yi fatawarka.

Ka gaida iyali. Wassalam.

*

Da sunan Allah. Daga Usman ɗan Tambari zuwa ga surukina Abdulgani, a Kalgo. Goma sha ɗaya ga Muharram.

Aminci da girmamawa. Bayan haka, karatu ya riƙe ni, ba zan samu zuwa ba sai bayan girbi. Ka san akwai kayan Albarka a rumbun gidanka ba da yardarsa ba. Gidan naka ne, saboda haka nauyin yana wuyanka kafin ya hau na matarka. Hadijatu tausayi ya rufe mata ido, ba ta da laifi a zuciya. Ina roƙonka ka miƙa wa mai abu abinsa, ka sauke wa kanka da ita. Ba sai an tayar mata da hankali kafin a yi ba, daga baya za ta gane.

Allah ya yi mana jagora. Wassalam.

*

Daga Hadijatu zuwa ga Malam Usman. Ƙarshen watan Cika-ciki.

Gaisuwa.

Na je Dangoma suna, kwana biyu, na dawo na tarar da tabarma a jingine a gindin rumbu babu komai a ciki. Abdulgani ya nuna mini takardarka. Shekara goma sha tara muna tare bai taɓa ɓoye mini komai ba sai da ka koya masa. Kwana huɗu ban yi masa magana ba. Kai ma da kana kusa da ka samu naka.

Amma ba zan yi maka ƙarya ba. Albarka ya canza. Ya harbe gaduna biyu, yara suka bi shi har gida suna kirari, ya yi dariyar da rabona da jin ta tun Salamatu tana da rai. Dangin Huseina sun karɓi gaisuwa, an ce ɗaurin aure sai bayan an sa dawa a rumbu. Na roƙe shi ko ɗurin ya riƙa cirewa in ya dawo gida. Ya ce, "Dije, gadu bai jiran mutum shi ɗura. Haka Baba ka ratayar da ita duk kaka." Gaskiya ne, haka kowa yake yi. Don haka tana nan a bango a ɗure.

Ina kai masa fura kullum da azahar in zauna har la'asar, yana ce mini dogari. Wataƙila kai ne da gaskiya. Wallahi ina roƙon Allah ya sa ni ce zan ji kunya.

Wassalam.

*

Daga Hadijatu zuwa ga Yaya. Goma sha bakwai ga Safar.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Albarka ya rasu ranar Litinin. Na san mai saƙo ya riga takardar nan, amma shi abin da aka ce ya faɗa ya faɗa. Ni zan gaya maka yadda aka yi.

Da safe ya biyo ta gidanmu da fara'arsa, ya ce yau zai share rumbunsa ya liƙe tsagar don sabuwar dawa. Ya ce in ƙara masa nono a fura, ta jiya ta yi tsinki-tsinki. Na ce ya je ya auri mai dama masa. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Na makara. Akuyata ce ta tsinke ta shiga gonar mutane, kafin in kamo ta in ba da haƙuri an idar da azahar. Ina kan hanya da ƙwarya a kai, na kai wajen tsamiyar nan, sai na ji ƙarar bindiga. Yaya, ka san abin da na ce? Na ce, "Allah ba da sa'a." Na zaci gadu ne. Ban ko ƙara sauri ba.

A bakin rumbu na tarar da ƙasar da ya kwaɓa, ɗanya sharaf, da sawun hannunsa a jiki. Ya liƙe rabin tsagar. A gefe ga ɗan ludayin Kulu, wanda take kai masa ruwa da shi, da alama a ƙasan rumbun ya tsince shi cikin tsohon ƙaiƙayi. Daga nan zuwa ƙofar ɗakinsa, inda na same shi kwance da bindigar, taki tara ne, na ƙirga daga baya. Mutumin da ya kwaɓa ƙasa, ya ce a ƙara masa nono, bai tashi da niyyar mutuwa ba. Abin nan ne ya zo masa kamar kullum, kuma da ya wuce kamar kullum.

Liman bai tsaya masa ba, ya ce irin wannan manya sukan janye, amma bai hana wasu ba. Abdulgani ne ya ja sallar yana kuka har ba a jin kabbararsa. Mutum bakwai ne a bayansa, cikinsu da Sarkawan nan biyu. Huseina ta aiko da zanen da aka rufe makara.

Ban rubuto don in ce na faɗa maka ba. Ni ma da ban tsaya kan akuya ba. Ina kwana ina tashi da ƙwaryar nan a kaina.

Allah ya gafarta masa, ya haɗa shi da Kulu. Wassalam.

*

Daga Usman zuwa ga Hadijatu. Ashirin da shida ga Safar.

Dije,

Na fara takardar nan da ta'aziyya irin wadda nake rubuta wa mutane, na yage. Ba ni da bakin yi miki ita.

Akuya ba ta da laifi, ke ma ba ki da shi. Abdulgani umarnina ya bi. Kin ce in zo azahar ɗaya, na ce karatu ya riƙe ni. Abin da nake karantarwa a makon babin gado ne. Duk abin da na faɗa miki a kan mulki da halal haka yake a littafi, har yanzu ban ga inda na kuskure harafi ba, kuma ƙanena yana kabari. Kwana tara ban fita zaure ba.

Limamin Kalgo ya aiko yana tambayata yadda za a raba abin da ya bari. Amsar ba ta da wuya. Ba shi da magaji sai ni da ke, sulusi biyu nawa, sulusi ɗaya naki. Sau uku na tsoma alƙalami na kasa rubutawa. Ba zan ƙara raba kayan gidanmu ba. Ki raba yadda kika gani, har da bindigar.

Ban san ko ina da hurumin tambaya ba, amma zan tambaya. Za ki iya yafe mini?

Yayanki.

*

Daga Hadijatu zuwa ga Yaya Malam. Biyar ga watan Gani.

Gaisuwa da girmamawa.

Na raba yadda ka koya mini. Gona da awaki liman ya rubuta, biyu naka ɗaya nawa. Bindigar kuwa na kai wa maƙeri ya cire mini kunamarta, na ce wannan shi ne sulusina. Na kai ta gulbi na jefa daidai inda Sarkawa suka tsamo shi. Ƙarfen da itacen ga su nan Hassan zai kawo maka a cikin tabarmar, mulkinka ne, ban riƙe maka komai ba.

Maganar yafiya ba ta takarda ba ce. Ka zo Kalgo ka tambaye ni da bakinka. In za ka zo, ka yi ƙoƙari ka iso kafin azahar. Yanzu ni ce lokacin nan yake yi wa nauyi, kuma ba ni da mai taya ni ɓarar gyaɗa.

Ƙanwarka, Dije.